Kada a Kashe Hawainiya

Saura ƙiris in bar wannan labari ya mutu a cikina, domin rabinsa maganar na'ura ce, ni kuwa karatuna bai kai can ba. Amma ɗaya rabin maganar nauyin baki ce, wannan kam na san hanyarsa ko da idona a rufe.

Auta ce mai zaman tagar ɗakin kati a wani ƙaramin asibiti da ke bayan kasuwa. Ɗakin tsukuku ne: tebur ɗaya, kujera mai gurguwar ƙafa da aka tokare da kwali, fanka mai kuka, sai kwamfuta. A lungu, bayan wani labule, akwai wata baƙar na'ura kamar akwatin ƙarfe, mai 'yan fitilu kore. Ita ce uwar duk kwamfutocin asibitin. Ta Likita, ta ɗakin magani, ta ɗakin gwaji, ta tagar biya, duk daga gare ta suke sha. Tun da aka kawo ta aka daina fayil na takarda. Ciwon kowa da maganin da aka taɓa ba shi, duk suna cikin cikinta.

Lokacin da Auta ta fara aiki, kafin ta ɗage yatsa sunan mutum ya fito. Daga baya sai ta riƙa samun sararin gyara ɗankwali. Can kuma har ta gaisa da mutum, ta tambayi mutanen gida, wani ɗan zobe yana ta juyawa a fuskar kwamfutar. Abin ya zo kamar girman yaro, wanda ke gida ɗaya da shi ba ya gani. Ma'aikata suka laƙaba wa na'urar suna Hawainiya, suka yi dariyarsu, suka ci gaba da aiki. In ta cije, maganin gidan ɗaya ne: a kashe, a kunna.

Auta ba ta cikin masu dariya. A ranta ta ɗauka laifinta ne. Da 'yar ƙaramar takarda ta samu aikin, shi ma gwaggonta ce ta roƙa mata. Tana tsoron ranar da za ta ce na'ura ba ta da lafiya, wani ya ce to a kawo wadda ta iya. Saboda haka sai ta ba mutane haƙuri a taga, ta sunkuyar da kai, ta bar ta ciki a ciki.

Mutum ɗaya ne yake tsokanarta har ta murmusa, wani tsoho mai gyaran agogo a bakin kasuwa, da ke zuwa awon jini. Kowa Baba Mai Agogo yake ce masa.

"Jikata, wannan abar taku yaushe rabon a buɗe cikinta a ɗiga mata mai?"

"Ba a sa mata mai, Baba."

"To ai shi ke nan. Ni dai ban taɓa ganin abu mai tafiya da ba ya son hannu ba. Sannu ba ta hana zuwa, amma ni ƙafata ta hana tsayuwa. Miƙo mini kujerar nan."

Akwai kuma wata doka a asibitin, dokar Sista, babbar ma'aikaciyar jinya, wadda makullan gidan ke rataye a ƙugunta. Bara wuta ta taɓa zuwa da ƙarfi bayan an tashi, ta ƙone tukunyar dafa kayan aiki, har labule ya kama. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Tun ranar Sista ta ce duk abin da ke da waya a bango, ban da firij na allurai, a kashe shi in an tashi. Auta ce ƙarshen fita. Kullum da yamma takan bi makunni ɗaya bayan ɗaya, ta ƙare da na bayan labule. Ba ta taɓa tsallakewa ba.

Ranar da abin ya faru, rana ta ɗan karkata, layi ya kai bakin ƙofa, sai ga motar haya ta tsaya da ƙarfi. Mutum biyu suka shigo ɗauke da Baba Mai Agogo. Jikinsa zafi kamar garwashi, numfashinsa na fita da ƙara kamar ana jan zarto. Matar ɗansa na biye, ta rungume hularsa a ƙirji.

Likita bai daɗe da fara aiki a asibitin ba. Ya saurari ƙirjin tsohon, ya sa aka jona masa iska, ya ce ciwon ya ci huhu, dole a yi masa allura yanzu kafin a ɗauke shi zuwa babban asibiti, don hanyar can a wannan lokaci cunkushe take.

Matar ɗan ta ce, "Likita, akwai wata allura da aka taɓa yi masa a nan. Ya kumbura, numfashi ya ɗauke, da ƙyar aka ceto shi. An ce kada a ƙara."

"Wacce?"

"Ban sani ba. Maigidana ne ya kawo shi lokacin. Yana kan hanya, wayarsa ba ta shiga."

Allurar da ta dace da ciwon iri biyu ce a ɗakin magani, ɗaya mai farin murfi, ɗaya mai shuɗi. Likitan da ya duba tsohon a wancan karo ya bar aiki. Sista ta tuna an yi tashin hankali, amma tana hutu aka yi. Ba wanda ya sani sai Hawainiya.

Likita da kansa ya zo taga. "Nemo mini shi."

Katin tsohon mai ɗauke da lambarsa yana shago, a kulle. Sai dai a nema da suna. Auta ta dubi matar ɗan. Matar ta motsa baki, sunan surukinta ya ƙi fita, ta karɓi biro ta rubuta a bayan wata takardar magani. Irin sunan nan ne da in ka kira a kasuwa rabin kasuwar za ta waiwayo.

Auta ta rubuta, ta danna. Zobe ya fara juyawa.

Ta jira. Ta ƙara dannawa. Ta buɗe wani shafin ta sake rubutawa, ta danna. Ta buɗe wani. Zobba suka yi ta juyawa kamar suna yi mata gwalo.

"Zan jira," in ji Likita, muryarsa a kwance, "amma ba zan jira har abada ba. In numfashin nan ya ƙara sauka, zan zaɓi ɗaya, in ajiye maganin kumburi kusa, in roƙi Allah." Ya juya ya koma.

A gefen kwamfutar akwai lambar wayar Injiniya, mutumin da ya haɗa na'urorin, manne da salatif da ya yi baƙi. Auta ta daɗe tana kallon lambar nan, ba ta taɓa kira ba. Yau ta kira.

"Wa ke magana?" Ana jin ƙugin mota da hayaniyar fasinja.

"Auta ce. Ta ɗakin kati."

"A'a, ƙanwata, ashe kina magana? Lafiya?"

Ta faɗa masa, a gutsure, tana haɗiye rabin kalmomin. Wasa ya fita daga muryarsa. Ya ce yana cikin bas, daga wani aiki a bayan gari, ba zai iso da wuri ba.

"Sau nawa kika danna?"

"Da yawa."

"Kowane danni sabon aike ne. Kin aiki tsohuwa kasuwa, kafin ta kai ƙofa kin sake aikenta, kin kuma. Amma ko da haka bai kamata ta lalace har haka ba. Na saita ta, kullum in kun tashi takan share cikinta, ta kwashe tarkacen yini, ta sake jera sunaye yadda za ta same su da sauri. Ba a kunne take kwana ba?"

Fanka na ta kuka. Matar ɗan ta riƙe ƙarfen taga tana kallonta. Akwai amsa mai sauƙi a bakin Auta, wadda ta saba da ita: ban sani ba. Ta bangon ɗakin ta jiyo tarin tsohon, dogo, wanda ya ƙi ƙarewa.

"Ina kashe ta," ta ce.

"Kina me?"

"Kullum da yamma. Tun bara."

A bayansa ta jiyo ana cacar baki da kwandasta.

"Ashe shekara guda ba ta ga tsintsiya ba," in ji shi. "To saurara. Ma'ajiyar bayanai kamar sito take. Kullum ana zuba kaya ana kwasa, ba mai gyarawa. Yanzu duk sunan da kika tambaya, sai ta ɗaga kayan siton nan ɗaya bayan ɗaya. Za ta samo shi, amma sai an bar mata hanya. Rufe duk shafukan nan. Ki bi ɗaki ɗaki, kowa ya fita daga cikinta, har Likita. Sannan ki tambaye ta sau ɗaya tak, ki zauna a kan hannuwanki. Kina ji na?"

"Ina ji."

"Kuma ko sama za ta faɗo, kada a kashe ta. In aka kashe ta tana tsakiyar wannan kokawa, kafin ta tattara hankalinta ta tashi, rana ta faɗi."

Ya ƙara wata magana, amma layin ya tsinke. Ta sake kira, aka ce ba a samunsa.

Auta ta rufe shafukan, ta tashi. Tun da ta fara aiki ba ta taɓa shiga ɗakin wani ba a kira ta ba. Mai gwajin jini bai ja ba, ya rufe tasa. Mai tagar biya ta kalle ta sama da ƙasa ta ce, "Yau kuma Auta ce ke ba da oda? To, ranki ya daɗe," ta rufe tana dariya. Ta Likita ba kowa a gabanta, Auta ta rufe da kanta.

A ɗakin magani aka samu cikas. Malam mai magani, dattijo mai tabarau a kan hanci, yana zaune ya harɗe hannu gaban tasa kwamfutar.

"Malam, don Allah a rufe na ɗan lokaci."

"Tun safe na sa ta haɗo mini abin da ya rage a kantocin nan. Saura kaɗan ya fito. In na rufe, na koma farko."

"Injiniya ne ya ce."

"Injiniya zai zo ya ƙirga mini?"

Auta ba ta fita ba. Ta tsaya a ƙofar tana murza bakin gyalenta.

"Malam, Baba Mai Agogo ne," ta ce a hankali. "Lissafin zai kwana. Shi ban sani ba."

Ya dube ta ta saman tabarau, ya daɗe. Sannan ya ja tsaki, ya miƙa hannu ya rufe. "Je ki. In ba ta fito ba, ke za ki ƙirga mini ƙwayoyin nan da hannu."

Ta dawo da sassarfa, ta rubuta sunan, ta duba shi harafi harafi, ta danna sau ɗaya. Sannan ta cusa hannuwanta ƙarƙashin cinyoyinta, kamar yadda aka ce.

Zobe ya juya. Masu layi suka fara gunaguni, wata mata ta ce musu su ji tsoron Allah, suka yi shiru. A bayan labule Hawainiya na gurnani, fitilunta na ƙiftawa da sauri. Matar ɗan ta daina kallon Auta, ta koma kallon zoben, leɓɓanta na motsi. Yatsun Auta suka yi ta ƙaiƙayi. Ba abin da ya kai zama wuya a ranar nan.

Ƙarar makullai ta riga mai su isowa. Sista ta cika ƙofar.

"Har yanzu? Matsa."

Ta nufi labule kai tsaye. Auta ba ta san lokacin da ta tashi ba. Ta dai ga kanta a lungun, bayanta a bango, tafin hannunta a kan makunnin.

"Sista, Injiniya ya ce kada a kashe."

"Injiniya yana nan? Mutum na fama da rai kina kawo mini Injiniya. Kullum in ta cije me muke yi?"

"Yau ba irin kullum ba ce."

"Ɗauke hannunki."

"Ki yi haƙuri, Sista."

"Ke, kin san da wa kike magana? A ɗakina gwaggonki ta zauna tana roƙo kafin ki samu kujerar nan."

"Na sani." Muryar ta fito siririya kamar zare. "Ki yi haƙuri."

Ita ma ba ta da tabbas. Injiniya yana can cikin bas, bai ga komai ba. Sista kuwa ta sha kashewa ta kunna, abu ya yi. In tsohon nan ya cika, hannunta na kan makunni, da wane ido za ta kalli mai riƙe da hula? Amma ta ji da kunnenta: kafin ta tashi, rana ta faɗi. Ta ƙara danne wurin da hannu biyu.

Daga can ciki muryar Likita ta taso. "Sista, zo ki ja mini allurar."

Kowa a ɗakin ya gane. Ya gama jira, ya zaɓa.

Sista ta damƙi wuyan hannun Auta. Hannunta na da ƙarfi, hannun da ya saba ɗaga manyan mutane daga gado. Yatsun Auta suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.

"Ya daina juyawa," in ji matar ɗan daga taga. Ba ta ɗaga murya ba. "Abin nan ya daina."

Sista ta saki. Auta ta faɗa kan kujera har kwalin ƙafarta ya fita. Sunaye ne jere, duk iri ɗaya, sun cika fuskar kwamfutar. Ta bi gefen da ake rubuta sana'a da yatsa: direba, tela, malami, direba, gyaran agogo. Ta danna. Zobe ya sake fitowa, amma wannan karon bai daɗe ba. Shafin ya buɗe. A samansa akwai layi da jan rubutu, da wani dogon suna da Auta ba za ta iya furtawa ba.

Sista ta sunkuyo ta kafaɗarta ta karanta. Fuskarta ta sauya. Auta ba ta taɓa ganin Sista da gudu ba sai ranar. Makullai suka yi ta kaɗawa har ƙarshen baranda.

"Likita, ajiye wannan," aka jiyo muryarta. "Ɗayar za a yi masa."

Wani a layi ya yi gyaran murya ya miƙo katinsa, Auta ta karɓa, ta rasa abin da ake yi da shi.

An yi wa tsohon allura. Aka zauna ana kallon leɓɓansa da fatar idonsa, ba su kumbura ba. Numfashin bai daidaita ba, amma bai ƙara sauka ba. Da hanya ta ɗan sake aka sa shi a mota, da tulun iskar asibitin a gefensa. Auta ta leƙa ta taga, ta ga hannunsa yana laluben kansa. Matar ɗan ta ɗora masa hular.

Injiniya ya iso ana shirin tashi, riga duk ta yamutse. Ya yaye labule ya nuna wa Sista batirin da ke ƙarƙashin na'urar, da wani ƙaramin akwati da ke tare wuta in ta zo da ƙarfi.

"Don haka na sa wannan, Sista. Ku ne fa kuka manna a bango cewa rigakafi ya fi magani. Ita ma haka take. Sharar kullum za ta yi da kanta in an bar ta, ni kuma in leƙo duk wata in duba ta."

"Wa ka gaya wa? Ka saita abu ka kama gabanka."

Ya sosa ƙeya. "Na gaya wa Likitan da ya tafi."

"To ka bi shi ka tambaye shi." Ta kalli na'urar kamar ba ta yarda da ita ba tukuna. "In ta kama wuta, kai da ita."

Ba ta dubi Auta ba sai da ta kai ƙofa. "Hannun fa?"

"Ba komai, Sista."

"Gobe ina son ganinki." Ba ta ce don me ba.

Injiniya ya sa Hawainiya babbar shara, ya ce za ta kwana tana yi. Da kowa ya watse, Auta ta bi makunni ɗaya bayan ɗaya kamar kullum. Sai da ta ji sanyin na ƙarshen a yatsanta ta farga, ta janye hannu kamar ta taɓa wuta. Ta kulle ɗakin, ta bar fitilu kore suna ƙiftawa a bayan labule.

Washegari ta riga kowa zuwa. A bakin ƙofa ta tarar da wani mutum zaune kusa da tulun iska, idanunsa ja don rashin barci. Ɗan tsohon ne, ya dawo da tulun. Ya ce Baba ya kwana, har ya fara faɗa, yana tambayar wa ya rufe masa shago ba tare da an lulluɓe agogunan mutane ba.

Auta ta buɗe ɗakin kati. Hawainiya na ɗan huci a hankali. Ta rubuta sunan jiya, ta danna, kafin ta ɗage yatsa ya fito. Ta goge, ta sake, don ta tabbata.

Sannan ta je ɗakin wankin ciwo ta yanko filasta mai faɗi, ta manne makunnin bayan labule, ta rubuta a kai da manyan baƙaƙe: KADA A KASHE. Ta kwafi lambar Injiniya a sabuwar takarda. Ta mayar da kwalin ƙafar kujera. Da ta jiyo ƙarar makullai a baranda, ba ta jira a aiko ba. Ta gyara ɗankwalinta, ta ɗauki takardar, ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar Sista.